Wai da gaske ne jirgin sama na barin guguwa a bayanshi da ka iya kifar da wani jirgin?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku, ya sanyi. Don Allah wanda ya san harakar jirgi shi taimaka mini da bayani don abin nan ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nike saidawa, kuma ba yau na fara hawan jirgi ba, wannan ita ce tahiyata ta bakwai. To wannan karon muna cikin sauka a wani babban hilin jirgi can ƙasar Larabawa, da asuba ne, gari lau, ba hadari ba iska, ta taga ina hangen fitilun gari, an riga an ce kowa shi ɗaure santir, wato bel ɗin kujera, har na ji ƙarar hitowar tayoyi. Sai kawai jirgin ya karkata hagu. Ba irin girgizar nan ta cikin gajimare da munka saba ba, mai kamar mota ta hau hanya mai gargada, a'a, wannan kamar wani ne ya kama fiffike guda ya danna shi ƙasa da ƙarhi. Wayar wanda ke kusa da ni ta suɓuce daga cinyarshi ta gangara har kujera uku, wata tsohuwa bayana ta kama salati, ni kuwa kalmar shahada kaɗai ta zo mini baki. Abin bai wuce sakan uku ko huɗu ba ya miƙe, sai injuna sunka ɗauki ruri munka koma sama, munka yi ta kewaya kamar minti 15 kahin mu sauka lahiya.

Matuƙin ya yi magana da Larabci da Ingilishi, wani yaro ɗan makaranta da ke gehena ya fassara mini, wai jirgin da ya riga mu sauka ne ya bar iska a bayanshi munka shiga cikinta. Nan ne ban gane ba. Jirgin ban ma gan shi ba, ya yi nisa, ƙila ma ya riga ya sauka. Ta yaya iska za ta tsaya wuri guda tana jiran wani? Ko dai faɗa ya yi don shi kwantar muna da hankali alhali wani abu ne ya lalace?

Abin da ya sa nike tambaya, na yi kuskure na bada labarin nan a gida gaban Inna. Ita kuwa na riga na biya mata kuɗin Umra ta azumi, shekara uku nike tara su, yanzu ta ce ita ta fasa, a maido kuɗin a gyara mata ɗaki. Ba ni son in yi mata ƙarya, ba ni kuma son tsoro shi hana ta ganin Ka'aba. Ku gaya mini gaskiyar abin.

Direban kamiyo, hanyar Dan Issa:

wa alaikumus salam Alhaji sannu da arziki Allah shi kiyaye gaba. ai wannan ba sai an je lekkwal ba mu da muke bisa gudro kullum mun san shi. ka tsaya bakin hanya in siterni ta wuce da gudu ka ji yadda iska ke tura ka sannan ta jawo ka, dan kabu-kabu in bai rike kan babur da kyau ba sai ka gan shi cikin rami, na sha gani tsakanin Maradi da Dan Issa wallahi. to ina ga jirgi da injin dinshi guda ya hi kamiyona girma. iskar injin ce ta buge ku ba wani abu ba. ka ce ma Inna ta yi hakuri ta tahi, hanya ma ai mun hi su hatsari

Tsohon ɗan tur:

Amin wa alaikumus salam. Alhaji, matuƙin nan bai yi maka ƙarya ba, kuma ba abin da ya lalace a jirginku. Ni aikina ke nan har na yi retret, a EAMAC ta Yamai na yi karatu, makarantar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage a ƙasashenmu, sannan na yi shekaru cikin tur, wato hasumiyar hilin jirgi, ina ba jirage izinin tashi da sauka. Da Faransanci anka koya muna shi, tirbilans da siyaj, ni kuwa in zan gaya ma mutanen gida sai in ce sawun jirgi, don sawu ne da gaske, sai dai ido ba ya ganinshi.

Malam direba ka kusa amma ka kauce wuri guda, ba injin ba ne. Iskar injin tana da nata hatsari ga wanda ya tsaya bayan jirgi a ƙasa, amma ba ta nisa. Wannan daga fiffike take hitowa. Ko da an kashe injuna duka jirgi na shawagi, sai ya bar ta. Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar ƙarƙashin fiffike ta hi ta bisanshi matsi. To a can ƙarshen fiffiken, inda ya ƙare, ta ƙasan sai ta samu hanya ta kewayo ta hau sama, jirgi kuwa shina gaba, sai ta nannaɗe kamar yadda ake naɗe tabarma. Guda a fiffiken dama guda a na hagu, kowace na juyawa saɓanin 'yar'uwarta. Guguwa ce biyu, amma ba a tsaye ba irin wadda muke gani da rani tana kwasar leda da karan dawa, waɗannan kwance suke, sun miƙe bayan jirgi kilomita da kilomita. In kana son ka gani da idonka, cika baho da ruwa ka bari shi natsu, ka tsoma rabin ludayi ka ja shi a hankali ka cire. Za ka ga 'yan ramu biyu suna juyawa suna tahiya tare bayan ludayin ya bar ruwan. Ludayi ya tahi amma juyin na nan. Amsar tambayarka ke nan.

Ƙarhinta ya danganta da nauyin jirgi da kuma sannu-sannun da shike yi. Jirgi mai nauyi da ke tahiya a hankali shi ya hi barin mugun sawu, wato daidai lokacin tashi da lokacin sauka, lokacin da kuma ƙasa ke kusa ba wurin gyara kuskure. Tana farawa sa'adda hancin jirgi ya ɗaga daga pist, wato titin tashi da sauka, tana ƙarewa sa'adda tayoyi sunka taɓa ƙasa. Kuma ba ta tsayawa inda anka bar ta, nutsewa take a hankali, kamar mita 100 zuwa 150 a minti, har ta kai mita 150 zuwa kusan 300 ƙasa da inda jirgin ya bi sannan ta dakata tana mutuwa. Minti biyu, wani lokaci uku.

Abin da ka ce ya ba ka mamaki, wai gari lau ba iska, ni shi ne ya tabbatar mini da maganar matuƙin. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarhi ko rana ta take ƙasa ta yi zahi iska na tashi tana birkicewa, nan da nan sawun ke wargajewa. Amma da asuba, iska kwance kamar ruwan randa, ba abin da zai taɓa shi, sai shi daɗe. Mu a tur ranar da tutar iska ta rataye ba motsi ita ce ranar da muke ƙara buɗe ido. Wadda ta hi ban haushi ma 'yar iskar nan mai sanyi da ke busowa daga gehe kaɗan-kaɗan, don in guguwar biyu sunka iso ƙasa rabuwa suke, guda ta yi dama guda ta yi hagu su bar pist, to 'yar iskar nan sai ta tare guda ta tsaida ta daidai bisa pist inda na baya zai sauka.

Shi ya sa anka kasa jirage aji-aji bisa nauyi. Daga tan 7 zuwa ƙasa ƙarami ne, tsakanin 7 da 136 matsakaici, daga 136 zuwa sama mai nauyi. Tan 136 buhun hatsi 1360 ke nan in kana son lissahin kasuwa. Sai A380 mai bene da anka ware mishi aji nashi shi kaɗai, don shi cike shina kai tan 575, faɗin fukafukanshi kusan mita 80. Sawun giwa ai sai shi taka na raƙumi. Ƙa'idar da munka yi aiki da ita, mai nauyi bayan mai nauyi mil 4 na teku, matsakaici bayan mai nauyi mil 5, ƙarami bayan mai nauyi mil 6, wato kilomita 11, kusan daga Maradi zuwa Tibiri. Ƙarami bayan A380 kuwa mil 8. Ka ga dalilin da ba ka hangi jirgin gabanku ba. Wajen tashi kuma da agogo ake yi, minti 2, in na bayan daga tsakiyar pist zai taso minti 3.

Ina tuna lokacin jigilar alhazai, babban jirgi ya tashi cike maƙil, ga ƙaramin jirgi tsaye bakin pist injin na ci, sama wayam ba ko tsuntsu, matuƙi na jira ni kuma idona na bisa tsinken agogo. Na san mutanen ciki na cewa mi ake jira. Ban taɓa rage sakan guda ba. In ka ji jirginku ya tsaya bakin pist ba dalili, galibi abin da ake jira ke nan.

Komawa sama da matuƙinku ya yi kuwa daidai ne, abin da anka koya mishi ne, in sauka ta gurɓace a fasa a sake sabuwa.

Maman Biyu:

Innalillahi. Baba sannu da ƙoƙari, Allah shi saka da alheri, amma wallahi ni bayanin ƙara mini tsoro ya yi. Maigidana kusan duk wata biyu sai ya bi ta Kano ya hau jirgi sarin kaya, ni da yara sai dai mu yi ta addu'a har shi kira. Abin da ba a gani ta yaya za a kauce mishi? Kuma waɗannan mil 4 mil 6 ɗin wa ya auna su, ko dai ƙiyasi ne anka yi a ofis? Ku gaya muna tsakani da Allah, an taɓa samun jirgin da ya faɗi saboda wannan abin ko ba a taɓa ba. Gara in sani.

Ɗalibin fizik:

Hajiya an taɓa, ba sau ɗaya ba, kuma ba a ofis aka auna ba, wannan ɓangaren ne ma ya fi burge ni tun da na fara karanta shi a jami'a. Baba ka yi mini izini in ƙara a kan naka.

Matsalar ta taso sosai ne da manyan jirage suka shigo, Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja a 1970. A ranar 30 ga Mayu 1972 wani DC-9 na kamfanin Delta yana atisayen sauka a Fort Worth ta jihar Texas, ya biyo bayan DC-10 wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, sawun ya juya shi ya bugi ƙasa, mutum 4 da ke ciki duk suka rasu. DC-9 fa ba ƙaramin jirgi ba ne, jirgin fasinja ne sosai, shi ya sa hankalin kowa ya tashi aka sake duba tazarar.

To ga yadda aka yi binciken. A 1974 hukumar NASA ta Amurka ta sayi wani 747, a cibiyarta da ke sansanin Edwards cikin hamadar Kalifoniya, aka ɗaura masa na'urorin hayaƙi a fukafukai. Da ya tashi sai hayaƙin ya shiga cikin guguwar, abin da ba a gani ya fito fili, igiyoyi biyu farare suna murɗawa a sama. Sannan aka sa matuƙa gwaji su ɗauki ƙananan jirage, Learjet da wani jirgin koyon soja T-37, su shiga cikin hayaƙin nan da gangan, daga nesa, su matso, su ƙara matsowa, na'urori na rubuta yadda iska ke murɗa jirgin da kuma inda sitiyari ya daina jin magana. Can sama suke yi inda akwai sararin farfaɗowa, amma duk da haka mutum ne da iyali ya san abin da ke cikin hayaƙin ya kuma sa kai. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai in ji girmansu. Sun gwada sauya yadda ake buɗe faifan bayan fiffike, da ɗaga 'yan allunan nan na saman fiffike masu rage gudu, suka ga ana iya raunana guguwar amma ba a iya kashe ta, don muddin fiffike na ɗauke da nauyi sai ta fito. Sun yi da Boeing 727, sun yi da L-1011. Shi wancan 747 ɗin ma daga baya shi ne aka gyara ya riƙa goya kumbon sararin samaniya a bayansa. Akwai kuma wani hoto sananne na 1990 daga tsibirin Wallops, ƙaramin jirgin feshin gona ne irin wanda ake feshin fara da jan baki da shi, ya ratsa jan hayaƙi, hayaƙin ya naɗe kamar gammo. Ko shi ɗan ƙaramin nan yana da tasa.

Duk da haka an ci gaba da samun hatsari nan da can, galibi ƙananan jirage. Disamba 1993 a Santa Ana ta Kalifoniya wani ƙaramin jirgin 'yan kasuwa ya biyo Boeing 757 ya faɗi, mutum 5 suka rasu, bayan nan aka ƙara tazara a bayan 757. Ranar 4 ga Nuwamba 2008 a birnin Meziko, Learjet ɗauke da ministan cikin gida Juan Camilo Mouriño ya matsa kusa da Boeing 767 fiye da ƙa'ida don matuƙan ba su rage gudu da wuri ba, ya kife ya faɗa tsakiyar gari lokacin cunkoson yamma, mutum 9 na ciki da wasu 7 a ƙasa suka rasu. Mafi muni shi ne na New York, 12 ga Nuwamba 2001, Airbus A300 na American Airlines da ya tashi bayan 747 na kamfanin Japan, mutum 260 a ciki da 5 a ƙasa suka rasu, wata biyu kacal bayan harin 11 ga Satumba har mutane suka zaci wani harin ne.

Tsohon ɗan tur:

Madalla ɗana, Allah shi yi albarka, ka karanta da kyau. Amma na New York ɗin kada a bar shi haka, don Hajiya za ta ɗauka sawun ne ya karya jirgin, kuma ba haka bincike ya nuna ba. Sawun da sunka shiga ba wani mai tsanani ba ne, da an bar jirgin da ya wuce shi kamar yadda na Alhaji ya wuce. Mataimakin matuƙin ne ya yi ta taka fedar wutsiya dama hagu dama hagu har ƙarshe, yana son shi gyara, nauyin da ya hau wutsiyar ya wuce abin da anka gina ta shi ɗauka, ta ɓalle. An kuma gano horon da anka ba shi da yadda fedar jirgin ke da saurin amsawa sun taimaka. Bayan nan an sauya yadda ake horar da matuƙa a duniya, yanzu abin da ake koya musu kada a yi kokawa da ita, a riƙe a hankali, sakan kaɗan ne an hita.

Wanda ni ya hi tsaya mini a rai na 7 ga Janairu 2017 ne, bisa tekun Arabiya. Ƙaramin jirgi Challenger ya taso daga Maldib za shi Abu Dabi, can ƙololuwa, A380 ya wuce ta bisanshi suna saɓani, tsakaninsu ƙafa 1000 wato mita 300, daidai ƙa'ida, ba wanda ya yi laihi. Ba a cika minti guda ba sawun ya nutso ya iske shi. Jirgin ya yi ta juyawa, ya zubo kusan ƙafa 9000 kahin matuƙan su kama shi, sunka sauka Maskat ta Oman. Ba wanda ya mutu amma an ji raunuka, jirgin kuwa bai sake tashi ba. Tan 20 da 'yan kai ne ya gamu da sawun mai tan ɗaruruwa. Shi ya sa a hanyoyin sama da anka yarda, matuƙi na iya gocewa mil 1 ko 2 dama da tsakiyar hanya, kada kowa shi bi layi guda kamar tururuwa.

Yanzu Hajiya, da kai Alhaji, ku duba duk waɗanda yaron nan ya lissafa. Mahi yawa ƙaramin jirgi ne bayan babba. Jirgi mai gajeren fiffike duka jikinshi ke shiga cikin guguwa guda, sai ta juya shi yadda ta so. Mai dogon fiffike kuwa fukafukanshi sun zarce ta, sai dai ta karkata shi shi miƙe. Jirgin da ke kai mutane Jidda da Madina shi kanshi babba ne, sau da yawa ma shi ne wanda ake ce ma wasu su yi nesa da bayanshi. Wanda ya kamata shi damu da wannan magana shi ne mai kuɗin da ke yawo da ɗan ƙaramin jirgi nashi, ba Inna ba. Ba zan ce muku ba a jin rauni a manyan jirage ba, ana ji, amma kusan kullum wanda bai ɗaure santir ba ne ko ma'aikaciyar da ke tsaye da tire. Tsohuwa in ta zauna ta ɗaure, ko an kashe fitilar santir kada ta kwance, ta sassauta kaɗan dai.

Direban kamiyo, hanyar Dan Issa:

to Baba na karbi gyara ashe fiffike ne ba inji ba. amma ina da tambaya, in sawun nan mugu ne haka mi ya sa tsuntsaye ke bin bayan juna, ina ganin dinya da agwagin ruwa wajen tabkin Madarunfa suna tahiya sahu biyu kamar bakin kibiya guda gaba sauran na biye kuma ba wadda ke kihewa

Ɗalibin fizik:

Kawu wannan tambaya ta yi daɗi. Lura da kyau in ka sake ganinsu, ba a bayan juna daidai suke ba, kowace tana ɗan gefe. Tsakanin guguwar biyu iska ƙasa take dannawa, amma ta wajen bakin fiffike sama take tasowa. To ta bayan sai ta ɗora fiffikenta a kan iskar da ke tasowa, ta gaba ta ɗauke mata wani nauyi, in ta gaban ta gaji su yi canji. Kamfanin Airbus ya kwaikwayi wannan, a Nuwamba 2021 jiragen A350 biyu suka tashi daga Tulus ta Faransa zuwa Montreal ta Kanada, kilomita 3 tsakaninsu, kwamfuta na riƙe na bayan daidai wurin da iska ke tasowa, suka ce ana iya rage shan mai da kamar kashi 5 cikin 100 a doguwar tafiya. Gwaji ne dai, ba da fasinja ba.

Kuma binciken bai tsaya ba. Yanzu ba sai an tura mutum cikin hayaƙi ba, akwai na'urar lidar mai harba hasken leza tana auna juyin iskar daga ƙasa. Cibiyar binciken jirage ta Jamus, DLR, ta jera wasu alluna a tsaye gaban titin sauka a filin jirgin Biyana a 2019, guguwar in ta sauko ta gamu da su sai ta mutu da wuri, wajen kashi 30 cikin 100 aka rage mata rai. Da irin waɗannan awo ne aka sake raba jirage aji shida maimakon uku, filin jirgin Memphis na Amurka ya fara a 2012, filin Charles de Gaulle na Paris a 2016, wasu tazarar aka rage wasu aka ƙara. A Heathrow ta Landan kuma tun 2015 da lokaci suke raba masu sauka ba da nisa ba, in iska na busowa daga gaba da ƙarfi sai a matso da su tunda ta riga ta share sawun.

Tsohon ɗan tur:

Duk na ji ɗana, kuma ban ƙi ilimi ba, waɗanda sunka auna sun hi ni sani. Amma ka san abin da ke tura su rage tazara, hilin ya cika ne, kowane minti kuɗi ne. Inda ke da lidar da radar mai kyau da ma'aikata isassu su rage, su suka ga za su iya. Mu nan da jirgi nawa ke sauka a wuni, ba abin da minti 3 zai rage muna. In yaro sabon hitowa daga lekkwal ya tambaye ni, ce mishi nike in ka yi shakka ƙara minti guda.

Ɗan Mokoyo:

Baba, ɗalibi, malam direba, Hajiya, Allah shi saka muku da alheri shi jiƙan mahaifa. Jiya bayan isha'i na zauna na karanta ma Inna duka tun daga farko, wajen New York ne kaɗai ta ce in tsaya ta yi musu addu'a. Da na zo maganar ludayi sai ta ce a kawo baho ta gani. Ƙanwata ta ciko shi munka haska da tocin waya, ja na farko ba mu ga komai ba don ruwan bai kwanta ba, na biyu kuwa sai ga su, 'yan inuwa biyu baƙaƙe a gindin baho suna juyawa suna tahiya har sunka kai bango. Sau huɗu ta sa anka maimaita, na ƙarshe ita ta ja da hannunta. Ba ta ce ta fasa fasawar ba tukuna, amma yau da sahe ta aiki yaro wajen tela shi tambayo ko an gama ɗinkin hijabanta. Ta kuma ce in tambayi Baba wace kujera ce ba ta cika karkata ba.

Tsohon ɗan tur:

Ka gaishe mini da ita. Ka nema mata ta tsakiyar jirgi daidai fukafukai, sahun tsakiya ba bakin taga ba, kusa da hanya don tashi alwala. Ka gaya musu tun wajen yankan tike, in ka bari sai ranar tahiya an rabe su.